Ƙwallo a Ƙafar Yallaɓai

Gwiwa ce ta dawo da ni Landan bayan tsufa. 'Yata da ke zaune a Plumstead ta matsa sai na zo likitoci sun duba ta, ni kuwa na zo, ba don na yarda za su mayar mini da ita sabuwa ba, sai don in huta da mita. Ranar da muka je ganin likita a Marylebone, muna fitowa na roƙe ta ta bi da ni ta wani layi da na zauna ina ɗalibi. Gidan yana nan, amma ba shi ba ne. An kankare baƙin hayaƙin da ke jikin bulo, an sa ƙofar gilashi, an yayyanka cikinsa zuwa ƙananan gidaje na masu hannu da shuni. Na dogara sandata ina neman matakalar da ake ajiye kwalaben madara, da tagar ɗakin ƙasa inda wani mutum yake jera takalmansa na ƙwallo su sha iska. Babu ko ɗaya. 'Yata ta ce, "Baba, sanyi fa." Na ce ta bar ni tukuna, akwai wanda nake tunawa.

A zamanin da muka zo, kuɗin mai ya buɗe a gida, gwamnati na tura ɗalibai ƙasashen waje kamar ana watsa iri a damina. Ni karatun adana littattafai da tsofaffin takardu aka turo ni, kuma ya dace da ni, don tun ina yaro na fi sabawa da takarda a kan mutane. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da zai sallame ni bai yi mini dogon wa'azi ba. Cewa ya yi in riƙe salla, kada in ci naman da ban san yankansa ba, kuma kada muryata ta hau kan ta wanda ya girme ni. Na ƙarshen bai ba ni wahala ba, domin muryata ba ta hawa kan ta kowa. Abokai har suna suka sa mini, Malam Shiru.

Gidan na wata tsohuwa ce 'yar Ailan, mai yawan faɗa da yawan kirki. Abin da na fi tunawa da shi ƙara ne. Da asuba motar mai madara tana wucewa kwalabe na kaɗa juna. Matakalar katako tana kuka duk wanda ya taka ta, har na iya gane kowa da takunsa. Mitar gas tana haɗiye kwabo ta yi ƙas, in kuwa ka manta ba ka ciyar da ita ba, wuta ta ɗauke tuwonka na kan murhu bai nuna ba. Tuwon ma na garin semo ne, miya kuwa kukar da aka ƙullo mana daga gida, muna tsakurarta kamar magani. Ranar Asabar mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa har Whitechapel neman naman halal, mu dawo da shi a jarida jini na ɗiga. Yaran yanzu waya suke latsawa abinci ya zo har ƙofa. Ba na ƙyashi, amma ban ga suna jin daɗinsa kamar yadda muka ji daɗin wancan tuwon mai gudaji ba.

Takalmi ne ya haɗa ni da mutumin ɗakin ƙasa. Duk gidan mu biyu ne kaɗai muke tuɓe takalmi a bakin ƙofar ɗaki, kuma wata safiya tsohuwar ta yi tuntuɓe da nawa, ta sauko ta yi da nasa. Ta tara mu a zaure tana ta zazzaga mana faɗa. Ni na sunkuyar da kai, shi ma ya sunkuyar, har ya ɗan rusuna. Da ta wuce muka dubi juna, sai dariya ta kama mu. Bajapane ne, gajere mai faɗin ƙirji, ya girme ni da 'yan shekaru, yana ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Sunansa ya yi wa harshenmu nauyi, shi ya sa daga baya muka riƙa kiransa Koci, sunan kuma ya bi shi.

Sannu a hankali na san labarinsa, da Turancinsa guntu-guntu da nawa na littafi. A ƙasarsu a lokacin ƙwallo ba sana'a ba ce. Kamfani ne ke ɗaukar mutum aiki, ya yi ofis da safe, da yamma ya buga wa ƙungiyar kamfanin. Shi ɗan wasan tsakiya ne, har an fara maganarsa a ƙasa, sai gwiwa ta ɓalle. Da ya warke ya roƙi manyansa su bar shi ya zo Ingila ya koyi horar da 'yan wasa. Suka yarda da sharaɗi. In ya koma da takardar shaida, za su danƙa masa ƙungiyar. In ya koma hannu banza, akwai tebur na jiransa a sashen sayayya, nan zai zauna har ya yi furfura, ba shi ba ƙwallo. Ya bar mata da jaririya a gidan iyayensa. Hotonsu na jingine a jikin agogo, kullum da safe yana gaishe su kafin ya fita.

Ban taɓa ganin mai kula da kayan aikinsa kamar mutumin nan ba, kuma ni ma ana cewa ina da tsantseni. Takalman ƙwallonsa da tsohon buroshin haƙori yake wanke su, ya cusa musu jarida, ya shafa mai, ya jera su a taga kamar baƙi. Ranar Lahadi da rana in an sa wasa a talabijin ɗin falo, mai baƙi da fari, sai ya rage muryar Baturen da ke sharhi, ya jawo kwalbar gishiri da cokula a kan tebur, ya ce in zauna. Ni kuwa ban san komai a ƙwallo ba, in ban da cewa ana son ta shiga raga. Ya ce shi ya sa ya zaɓe ni. "In kai ka gane," in ji shi, "to kowa a ƙasarmu zai gane." Ban san ko yabo ne ko zagi ba, amma na zauna. Zai ce kada in bi ƙwallo da ido, in dubi wancan da ba ta wurinsa, in ga inda yake gudu. Zai tura cokali nan, ya janye gishiri can, kafin ka ce me, abin da ya faɗa ya faru a talabijin. Tsohuwar takan leƙo ta ce a mayar mata da cokulanta.

Karatun aji bai ba shi tsoro ba. Abin da ya tsaye masa shi ne jarrabawar fili. Sai mai koyo ya samo 'yan wasan da yake horarwa, mai jarrabawa ya zo ya tsaya ya ga yadda yake gyara musu kuskure. Ya zagaya ƙananan ƙungiyoyin unguwa, kowa ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi shayi, ya ce za a neme shi. Ba wanda ya neme shi. A wancan zamani wa zai ba Bajapane yaransa ya koya musu ƙwallo a Ingila? Wata rana na same shi zaune a matakala da takalmi ɗaya a hannu, buroshi a ɗaya, bai wanke ba. Abin ya tsaya mini a rai, har na yi abin da ban saba ba, na je na buɗe baki na nemi alfarma.

Wurin Ɗanjuma na je, wani ɗalibin injiniya mai barkwanci, wanda shi ke tara 'yan Arewa duk Lahadi da safe a Regent's Park ana buga ƙwallo don a kashe kewar gida. Ya saurare ni ya buɗe baki. "Malam Shiru, ashe kana da murya? To don wannan kaɗai ma na yarda. Kawo Bajapanen." Ranar farko da Koci ya zo, kafin ya taka ciyawa sai ya tsaya a bakin fili ya rusuna. Ɗanjuma ya kama haɓa. "Kai, wannan ciyawa yake yi wa ruku'u?" Da na tambaya, Koci ya ce ba bauta ba ce, sallama ce, kamar yadda ba a faɗa wa gidan mutane ba a yi magana ba. Ɗanjuma ya ce to in sallama ce ba laifi, amma shi sai ciyawar ta amsa zai fara.

Abu ya tafi daidai, in ban da mutum ɗaya. Akwai wani babban jami'i daga ma'aikatar ilimi ta jiharmu da ya zo kwas na shugabanci, muna kiransa Yallaɓai. Mutum ne mai kyauta da sakin fuska. Shi ya saya mana riguna iri ɗaya da ƙwallayen fata, kuma bayan wasa ba ya barin kowa ya koma da yunwa. Ya buga ƙwallo a kwaleji da ƙuruciya, ƙafarsa ba ta manta ba, amma tumbi ya fito, numfashi ya gajarta. Yana tsayawa a tsakiyar fili, duk wanda ya sami ƙwallo sai ya kai masa, kamar mai kai gaisuwa. In ta shiga ƙafarsa kuwa sai ya taka ta, ya juya, ya sake juyawa, ya duba gabas da yamma. Ba mai kusantarsa. Masu tsaron baya sai su yi ta rawa a gabansa suna ja da baya, har ya gaji don kansa ya buga. In ta yi sama ta bi bishiya, ka ji ana cewa, "Kai, ranka ya daɗe, saura ƙiris!" Ba mu taɓa zama mun shirya haka ba. Haka aka rene mu. Ga shi kuma mafi yawanmu a ƙarƙashinsa za mu koma aiki, ni ma a ciki.

Koci ya ga wannan tun ranar farko. Yakan busa usur ya gyara wa kowa tsayuwa, ya daka wa Ɗanjuma tsawa, ya kama kafaɗata ya juya ni, amma in ya iso kan Yallaɓai sai ya ɗan rusuna ya ce, "Da kyau, Sa," wato ranka ya daɗe irin na Turawa, ya wuce. Da mai jarrabawa ya zo zuwan gwaji, wani dogon Bature mai lofe, ya tsaya yana kallo har aka tashi. Daga baya ya ja Koci gefe. Ina kusa ina tattara ƙwallaye, na ji. Ya ce masa, "Ka san ƙwallo, wannan ba shakka. Amma kana ganin babban kuskure a tsakiyar filinka kana zagaye shi. Zan dawo sau ɗaya. In na sake ganin haka, ba zan sa hannu ba."

Na ce wa Koci a wurinmu ba a yi wa babba gyara a bainar jama'a, gida ake bin sa. Ya ce su ma haka. Sai muka shirya. Ya naɗe gwangwanin ganyen shayi a wani kyakkyawan ƙyalle, na sa babbar rigata a ƙarƙashin kwat, muka tafi bayan la'asar. Yallaɓai ya tarbe mu hannu bibbiyu, Hajiyarsa ta aiko da shayi da dambun nama na gida. Muka gaisa. Ina gajiya, ya sanyi, ya karatu, ya labarin gida, an yi ruwa kuwa bana. Muka sake gaisawa. Na dubi Koci, ya dubi kofinsa. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Sa yana da ƙafa mai kyau." Ya tsaya. Na jira sauran maganar, ba ta zo ba. Ya dube ni, ni kuma na ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe."

Yallaɓai ya yi dariya ya bugi cinya. "Ku yaran nan da kunya kuke. Ai na san abin da ya kawo ku. Jarrabawar nan ce ko? Kada ku damu. Ranar nan ku faɗa wa yara kowa ya ba ni ƙwallo kawai, ni zan nuna wa Baturen nan yadda ake yi. Koci, takardarka ta fito, ka sa a ranka." Muka yi godiya. Har godiya muka yi. Ya rako mu bakin ƙofa ya cusa mana sauran dambun a leda.

Muka kama hanya har muka kusa gida. Sannan Koci ya ce, lokacin da ya shiga ƙungiyar kamfani, shekara da shekaru yana wanke wa manyan 'yan wasa safa, yana ɗaukar musu jaka. Akwai kyaftin ɗinsu da ƙafa ta mutu, kowa ya sani, ba mai faɗa, har ƙungiyar ta faɗo ƙasa. Ya ce, "Abin da na zo koya ke nan ashe, ba cokali da gishiri ba. In ban iya faɗa wa Sa ba, can ma ba zan iya ba. Gara su ba ni tebur." Ya tsaya a ƙarƙashin fitilar titi da ba a kunna ba tukuna. "Zan faɗa masa. Amma ba zai yarda da baki ba, don bai taɓa ganin an ƙwace ƙwallo a ƙafarsa ba. Sai wani ya ƙwace."

Na ce Ɗanjuma ne ya dace. Da muka same shi, sai ya ɗaga hannu biyu sama. "Ni? Ku rufa mini asiri. Ƙanwar Hajiya nake nema, ko kun manta? In na kayar da Yallaɓai, wa zai karɓi sadakina? Ga Malam Shiru nan, shi littattafai zai aura." Koci bai yi dariya ba. Ya ce ai dama ni yake so. In Ɗanjuma ya ƙwace, Yallaɓai zai ce ƙarfi aka nuna masa. In ni na ƙwace, ni da kowa ya san ba na iya komai, to babu sauran musu.

Na kwana biyu ina juya maganar mahaifina, ina hango kaina na koma gida an tura ni wani ɗakin karatu na ƙauye da jemagu. Amma duk sanda zan fita sai na wuce ƙofar ɗakin ƙasa, in hango hoton matar nan da jaririyarta a jikin agogo. Wata safiya na ƙwanƙwasa na ce masa ya koya mini. Daga nan kullum bayan sallar asuba, kafin in tafi makaranta, muna fili mu biyu cikin raɓa. Ya riƙe ƙwallo, ni in zo in ƙwace. Na faɗi ba adadi, gwiwoyina suka sassale, tabarauna ya karye na ɗaure shi da zare. Shi kuwa da gurguwar ƙafarsa yana juya ni kamar waina. Kullum maganarsa ɗaya: "Kada ka dubi fuska. In ka dubi fuska za ka ga babba. Dubi ƙwallo. Ƙwallo ba ta girme ka ba."

Ranar jarrabawa aka tashi da yayyafi, filin ya yi laushi kamar kunu. Baturen ya zo da kwat da lofensa, ya tsaya gefe. Koci ya rusuna wa fili, ya raba mu gida biyu, ya sa ni a ɓangaren da ke karawa da Yallaɓai. Darasin ranar shi ne sakin ƙwallo da wuri. Aka fara, kuma kamar an haɗa baki, kowa ya shiga kai gaisuwa tsakiya. Yallaɓai ya taka, ya juya, ya sake juyawa. Na saci kallon Baturen, na ga ya cire lofe daga baki ya duba agogo.

Sai usur ya tashi. Koci ya taho da ɗingishinsa har gaban Yallaɓai. Ya haɗa ƙafafu, ya rusuna, rusunawar da ban taɓa ganin ya yi irinta ba, har ruwa na zuba ta ƙeyarsa. Ya ɗago. Sannan ya yi magana da muryar da ta kai har bakin fili. "Sa, kai ne kake kashe wasan nan. Kana riƙe ƙwallo da yawa. Yara suna gudu a banza saboda kai."

Ɗanjuma ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Yallaɓai ya yi murmushi irin na manya, amma idonsa bai yi ba. Ya ce, "Koci, in ina riƙewa, ai don ba mai iya karɓa ne."

Koci ya ɗora masa ƙwallo a ƙafa, ya ja baya, ya nuna ni.

Wasu suka yi dariya, Yallaɓai ma ya yi. "Malam Shiru? To bismilla, zo." Na taka zuwa gare shi. Na yi kuskure na dubi fuskarsa, na ga furfurar gemunsa, na ga mahaifina, na tsaya cak. Sai na ji muryar Koci a bayana, ba da ƙarfi ba: "Ƙwallo." Na mayar da ido ƙasa. Ya taka ta da dama, ya ja ta zai juya hagu kamar yadda ya saba, ta ɗan rabu da ƙafarsa. Na zube da gefe na share ta. Ƙwallo ta yi gaba, Yallaɓai ya yi baya, ya zauna daɓas a cikin taɓo.

Ban san sanda na durƙusa a gabansa ba. "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe." Bai dube ni ba. Yana zaune a taɓon, hannuwa a baya, yana bin sauran da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa na kau da kai. Can ya ce, a hankali, "Wato duk watannin nan ƙarya kuke yi mini da ƙafa? Ɗanjuma, har da kai?"

Ɗanjuma ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ladabi ne."

"Ladabin banza. Kun bar ni ina ta rawa a gaban Turawa, ina cewa na iya." Ya miƙa hannu, na yi sauri zan kama, ya ture nawa ya kama na Koci. Da ya miƙe bai ko kakkaɓe wandonsa ba. Ya ce, "To malam, tunda ka fara, ƙarasa. Yaya ake yi?" Koci ya nuna masa yadda zai duba kafin ƙwallo ta iso, ya san inda zai kai ta, ya taɓa sau ɗaya ya sallame ta. Aka sake farawa. Ta farko ta lalace, Koci ya busa ya ce a sake. Ta biyu ma haka, ya sake busawa, ba rusunawa a wannan karon. A ta uku Yallaɓai ya taɓa ta sau ɗaya, ta ratsa tsakaninmu ta sami Ɗanjuma yana gudu, sai raga. Wasan da muka yi bayan nan ban taɓa sanin muna da irinsa a ƙafafunmu ba. Da aka tashi Baturen ya mayar da lofensa baki, ya zo ya ba Koci hannu, ya riƙe ya daɗe bai saki ba.

Takarda ta fito, Koci ya koma gida aka ba shi ƙungiyar. Yallaɓai kuwa bai sake buga tsakiya ba. Yakan zo da lema ya tsaya a gefe yana yi wa kowa faɗa, ni kuwa har ya gama kwas ɗinsa gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Na koma gida da fargaba. Ba a tura ni wurin jemagu ba. Amma shekaru bayan haka, in an yi taro a ma'aikata kowa ya ce ranka ya daɗe haka ne, sai a ga ya juya ya ce wa masinja, "Je ka kira mini wancan da ya kayar da ni." Ba kullum yake jin daɗin abin da zan faɗa ba, ni ma ba kullum nake samun ƙarfin faɗa ba. Allah ya jiƙansa, ya yi mana alheri.

Daga Japan katin sabuwar shekara ya riƙa zuwa. A hoto na ga jaririyar ta yi wayo, na ga Koci a tsakiyar samari masu riguna iri ɗaya, wata shekarar da kofi a gabansu, wata shekarar ba kofi, wata shekarar da wasu samarin daban a wani gari daban. Kati na ƙarshe da ya same ni ya ce ya bar horarwa, yanzu a talabijin yake bayanin wasa, kuma ba a ba shi cokali. Daga nan aka yi ta canja mini wurin aiki, adireshi ya ɓace, zumunci ya yanke.

Da muka koma Plumstead ranar nan, na ba jikata labarin, wadda ke jami'a. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta tambayi sunansa na gaskiya, ta lallatsa waya, sai ga wani tsoho fari fat da furfura, zaune a bayan tebur da makirufo a ƙirji, ana hutun rabin lokaci. Da ban ga faɗin kafaɗar ba da ban gane shi ba. Yana ta magana da harshensu, hannuwansa na tura abubuwan da babu su a kan tebur, nan da can. Na zauna ina kallo ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Ina tunanin yadda mu muka iya rusunawa ba mu iya faɗa ba, na yanzu kuma suka iya faɗa ba su san rusunawa ba, sai na ga tsohon ya dakata. Ya haɗa hannuwa, ya sunkuyar da kai gaban kyamara, ya ɗan jima.

Na ce wa jikata, "Tsaya. Yanzu zai faɗi laifin wani babba."

Ta dube ni, ta latsa wani abu fassara ta fito a ƙasa, ta karanta. Ta sake dubana. Wai cewa ya yi kyaftin ɗin ƙungiyar, da duk girman da yake da shi a ƙasa, yana riƙe ƙwallo da yawa, kuma yaran tsoronsa suke ji.

Na ce ta mayar mini baya in sake gani.